Zamanin disket a Damagaram

Waɗanda suka fara aikin kwamfuta a Damagaram kafin shekara ta 2000 ba su da yawa, kuma kusan dukansu sun san juna. Idan biyu ko uku daga cikinmu suka haɗu a wurin ɗaurin aure ko zanen suna, ba a daɗe da gama gaisuwa ba sai hira ta koma kan disket, wato ɗan faifan ajiya da ake sa wa kwamfuta a cire, da DOS, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows, da na'urar buga takarda mai allura, wadda ake jin kukanta tun daga bakin titi. Matasan da muke aiki tare da su a yau sukan saurare mu saboda ladabi, amma fuskokinsu suna nuna cewa ba su ga abin kewa ba a jikin injin da wayar hannu mafi araha a Kasuwar Dole ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba na ganin laifinsu. Injinan nan ba su da sauri, ba su da wurin ajiya, kuma sun sha cinye mana aikin wata guda cikin ƙiftawar ido. Abin da ya sa muke tuna su da daɗi, a nawa ganin, shi ne a wancan lokaci mutum ɗaya yana iya sanin kwamfutarsa ciki da bai, tun daga abin da ke faruwa idan ya danna maɓallin kunnawa har zuwa dalilin da ya sa harafi kaza ya fito a kan takarda, kuma nisan garinmu da inda ake samun kayan gyara ya tilasta mana neman wannan sani ko muna so ko ba ma so.

Kamfanin IBM ya fito da kwamfutar da ake kira PC a watan Agustan 1981, da ƙwaƙwalwar Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77, amma irin waɗannan injina sun ɗauki shekaru kafin su iso mana. A Yamai suka fara sauka, a ma'aikatun gwamnati da bankuna da ofisoshin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, inda ake da ƴan tsirarun da suka karanci fannin a waje, wasunsu a makarantar koyon kwamfuta ta IAI da ke Libreville a Gabon, wadda ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, har da Nijar, suka kafa a 1971. Mu nan gabas, yawancin injinan da muka fara taɓawa furoje-furoje ne suka kawo su, na lafiya da na noma da na ruwa, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990. Akwai Bull da Goupil na Faransa, akwai Olivetti na Italiya, akwai Compaq, akwai kuma waɗanda ba su da suna ko kaɗan a jikinsu. Galibinsu masu ƙwaƙwalwar 286 ne ko 386, da babban faifai mai ɗaukar mega 20 ko 40, wato abin da hotuna kaɗan na wayar yau za su cika.

Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne. Idan inji ya tsaya, sai a rubuta takarda, a jira motar furoje ta tashi da shi, a jira mai gyara ya samu sukuni, a kuma jira wata motar ta dawo da shi, alhali rahoton wata uku yana cikinsa kuma masu ba da kuɗi ba sa jin uzuri. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, don haka muka koyi buɗe akwati da kanmu. Maigidan da ya koya mini aiki yana da doka guda wadda ba ya sassautawa. Yakan ce, "Kai yaro, kafin ka ɗauki turnabis ka ɗauki alƙalami, ka zana inda kowace waya take." Ni kuwa sai in ce, "To, Malam," in zana, ko da na riga na haddace wurin. Littafin da ya zo da inji ana kulle shi a durowa, domin idan ya ɓace babu inda za a samu wani, kuma a cikinsa ne kaɗai aka bayyana ma'anar ƙarar da inji ke yi idan ya ƙi tashi, da yadda ake jera ƴan ƙananan madaukan nan da ke kan babban allon ciki.

A ofisoshi da yawa ɗakin kwamfuta ne kaɗai ke da kilim, kuma ba domin mutane aka sa shi ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ma'aikatan da ba su taɓa nuna sha'awar ilimin zamani ba sukan samu dalilin shigowa su tambayi yadda aiki yake tafiya. Ana cire takalmi a bakin ƙofa, ba a shiga da shayi, kuma tela yakan ɗinka wa kowane inji rigarsa, ta allo daban, ta akwati daban, ta kilabiye daban. Duk da haka ƙurar hunturu sai ta samu hanya, ta toshe fankar ciki, ta kwanta a kan idon da ke karanta disket, ta naɗe ƴar ƙwallon da ke ƙarƙashin linzami har sai an cire ta an kankare. Wuta kuma tana iya ɗaukewa a kowane lokaci, shi ya sa wanda ya ga jiya ba ya rubuta shafi guda ba tare da ya adana ba, kuma har gobe yatsunmu suna yin haka da kansu ko da a kan injin da yake adanawa ba tare da an ce masa ba.

Idan aka kunna inji, sai ya ƙirga ƙwaƙwalwarsa a gaban idonka, kilo bayan kilo, ya yi ƙara sau ɗaya, sannan ya miƙa maka baƙin allo da harafin C da wata ƴar alama mai ƙiftawa. Ba ya nuna maka hanya kuma ba ya ba ka shawara; idan ba ka san umarni irin DIR da CD da COPY ba, haka za ku zauna kuna kallon juna. Sunan fayil ba ya wuce haruffa 8, da wasu 3 bayan ɗigo, saboda haka kowane ofis yana da salon taƙaita sunaye wanda mai shi kaɗai ke ganewa. Amma asalin ilimin yana cikin wasu ƙananan fayiloli guda biyu, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, waɗanda inji ke karantawa layi bayan layi a lokacin tashi. DOS ba ya ba shirye-shirye fiye da kilo 640 na ƙwaƙwalwar aiki kai tsaye, ko da kuwa injin yana da mega 4, kuma a cikin wannan ɗan fili ne direban linzami, wato ɗan shirin da ke sa linzamin ya yi aiki, da na kilabiye da na faifan CD suke neman wurin zama tare da shirin da kake son buɗewa. Aikin ya yi kama da na kamasho mai loda Fijo 504 a tashar Kano: sai ka san wane kaya zai hau sama, wane zai shiga but, wane fasinja zai matsa, kafin ƙofa ta rufu. Da HIMEM.SYS da EMM386 da umarnin LOADHIGH muke tura direbobi zuwa sama domin a samu ƙarin kilo 20 ko 30, kuma da DOS 6 ya zo a 1993 da MEMMAKER mai yin wannan lissafi da kansa, akwai cikinmu waɗanda suka ƙi amfani da shi, suna cewa hannunsu ya fi shi iyawa. Wasu lokuta kuwa gaskiyarsu ce.

Akwai wani layi a AUTOEXEC.BAT da duk ɗan Nijar mai wannan sana'a ba zai manta da shi ba, wato KEYB FR. Kilabiyenmu na tsarin Faransa ne, mai farawa da AZERTY, amma inji a ransa ɗan Amurka ne. Idan layin nan ya goge, ko aka tayar da inji daga disket, sai ka danna A ya rubuta Q, ka danna Z ya rubuta W, harafin M kuma ya ƙaura zuwa layin ƙasa. Sakatariya takan aiko masinja a guje cewa kwamfuta ta haukace. Sa'ar da aka yi ita ce haruffan nan shida na KEYB FR suna wuri ɗaya a tsarin biyu, don haka ana rubuta su ba tare da wahala ba, sai komai ya dawo daidai, mai gyara kuma ya fita da girmansa.

Shirye-shiryen da aka yi aikin ƙasa da su ba su da yawa. WordPerfect 5.1, wanda ya fito a 1989 da shuɗin allonsa, shi ne na rubutu. Lotus 1-2-3 da Multiplan na lissafi. dBase III na jera bayanai. Epi Info kuma, wanda cibiyar CDC ta Amurka ta samar, shi ne na ma'aikatan lafiya, kuma an yi aiki da irinsa sosai wajen bin alƙaluman sanƙarau a shekarun annoba irin 1995. Masu son rubuta shiri da kansu suna da Turbo Pascal da Clipper. Da waɗannan aka lissafa albashi, aka bi farashin hatsi a kasuwannin ƙauye, aka tara ma'aunin ruwan sama, aka jera sunayen rijiyoyi. Ya kamata kuma a faɗi wata gaskiya da mu maza masu kiran kanmu injiniyoyi ba mu cika faɗa ba: matan da suka baro keken rubutu suka koma WordPerfect sun fi mu sanin shirin. Sun haddace F10 na adanawa, da Shift da F7 na bugawa, da Alt da F3 mai tona ɓoyayyun alamomin da ke ƙarƙashin rubutu, kuma idan tebur ya karkace a shafi, wurin Hajiya ake zuwa, ba wurinmu ba. Bayan Taron Ƙasa na 1991, da jam'iyyu da ƙungiyoyi suka yawaita, kowa yana son a buga masa tsarin mulkin ƙungiya da takardar neman izini, wasu daga cikin matan nan ne suka buɗe shagunan buga takardu suka ci abinci da su.

Rubutun Hausa shi ne ya fi ba mu wahala, abin da yake da ciwo a garin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Jadawalin haruffan DOS, ko mai lamba 437 ko 850, yana da haruffan Faransanci masu wasali da alama, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da muke rubutawa a Nijar. Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci sukan buga b da d da k zalla, sannan a zauna da biro ana yi musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya kafin a kai wurin kwafi. Da Windows 3.1 ya zo a 1992 da haruffan TrueType, sai aka samu dabarar ƙera tsarin haruffa na musamman, a cire wata alama da ba a cika amfani da ita ba a dasa ƙ a gurbinta. Dabarar tana aiki muddin fayil bai bar injin ba. Da zarar an kai shi wani ofis da ba shi da wannan tsari, sai kalmomi su cika da alamomin kuɗi da na lissafi. Abin takaici shi ne Unicode, jadawalin haruffa na duniya baki ɗaya, ya riga ya ba haruffan nan lambobinsu tun 1991, kuma gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, amma sai da aka shiga zamanin Windows XP kafin yawancinmu mu iya aika rubutu mai lanƙwasa ya isa lafiya.

Disket ita ce hanyar sadarwarmu. Babbar, mai inci 5.25, tana ɗaukar kilo 360 ko mega 1.2, kuma tana lanƙwashewa a jaka. Ƙaramar mai inci 3.5 tana ɗaukar mega 1.44. Rahoton da zai tafi Yamai ana kwafe shi a disket biyu ko uku, a naɗe a ambulan, a ba direba da gargaɗin kada ya ajiye a gaban mota inda rana ke duka, ko kusa da lasifika. Fayil ɗin da ya fi ƙarfin disket ɗaya sai a matse shi da ARJ ko PKZIP a raba shi gida-gida, kuma idan guda ta lalace, sauran duka sun zama banza. Windows 95 kansa a kan disket 13 ya zo, kuma duk wanda ya taɓa kaiwa ta goma sha ɗaya sannan inji ya ce ba ya iya karantawa ya san ma'anar haƙuri. Tambayar nan ta DOS na Faransanci, "Abandon, Reprise, Echec?", wato a bari, a sake gwadawa, ko a yarda an kasa, har yau muna jefa wa juna ita idan wani ya rasa yadda zai yi da wata matsala. Ta disket ɗin nan ne kuma ƙwayoyin cuta suke yawo. Brain, wadda wasu ƴan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, ita ce ta buɗe ƙofa, sannan Stoned da Form da Ping-Pong mai ɗigon da ke tsalle a allo suka biyo baya. Yawancinsu a sashen farko na disket suke ɓuya, suna jiran a manta da ita a cikin inji a kunna. Wanda ya fahimci haka ya san maganin: ya buɗe ɗan tagar kariya da ke kusurwar disket mai inci 3.5 domin kada a iya rubutu a kanta, ya kuma ajiye disket guda mai tsabta ta tayar da inji wadda ba ya ba kowa aro, ko da darakta ne.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuma duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Daga nan idonmu ya ƙara komawa kudu. Kano ba ta kai kilomita 300 daga nan ba, ko ta Matamaye da Daura ko ta Magarya, kuma a can ana samun kayan kwamfuta sabo da na hannu, wasu an hauro da su daga Legas. Sai muka zama masu harhaɗa inji: babban allo daga nan, ƙwaƙwalwa daga can, faifai daga injin da ya mutu. A nan ne mutum yake koyon cewa katin sauti da modem, na'urar haɗa kwamfuta da layin tarho, ba za su zauna a kan IRQ ɗaya ba, wato lambar da kowane kati ke kiran ƙwaƙwalwa da ita, da cewa faifai biyu a kan waya ɗaya sai an nuna wane ne babba wane ne mabiyi. Kilabiyen QWERTY ma ta wannan hanya suka cika gari, har aka samu ƙarni na masu buga Faransanci a kan madannan Ingilishi, suna haddace Alt da 130 domin samun é.

Windows 95 da 98 sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, kuma daga nan ne akwatin ya fara rufewa. Daraktocin da suke tsoron baƙin allo sun saba da linzami ta hanyar wasan karta na Solitaire, abin da dama domin shi aka sa wasan. Intanet ta shigo ƙasar a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ta layin tarho, da modem mai gudun kilobit 33.6 ko 56 a bisa takarda, kuma ƙwararre yana gane ko layi zai kama daga sautin kukan modem ɗin kaɗai. Mai zuwa siber, wato shagon da ake biya a shiga intanet, yakan rubuta wasiƙarsa tun daga gida a kan disket domin kada kuɗin minti ya cinye shi yana neman haruffa, sannan ya buɗe Yahoo ko Hotmail ko Caramail ya liƙa ya aika. Ƙwayar CIH, wadda ta tashi ranar 26 ga Afrilun 1999 tana goge faifai har da BIOS, wato shirin da ke tayar da inji, a wasu injina, ta fi tsoratar da masu sana'a a kan matsalar shekara ta 2000 da aka yi ta kururutawa, wadda a yawancin injinanmu ba ta wuce gyara kwanan wata da duba tsofaffin shirye-shiryen dBase masu rubuta shekara da lamba biyu ba.

Ba zan ce da ta fi yanzu ba. A wancan zamani kwamfuta ta ƴan ƙalilan ce, kuma akwai cikinmu waɗanda suka mayar da ɗan abin da suka sani asiri, suna juya wa mutum baya idan za su rubuta umarni domin kada ya gani. Ɗalibin Jami'ar André Salifou a yau yana iya koyon abin da ya ɗauke mu shekaru a cikin mako guda daga wayarsa, kuma hakan alheri ne. Sai dai idan na ga matashi mai takardar shaida ya tsaya gaban injin da ya ƙi tashi, maganin da ya sani kawai shi ne ya goge komai ya sake zuba Windows, nakan ji cewa an yi asarar wata ɗabi'a, ta tsayawa a tambayi a wane mataki ne abin ya tsaya, kuma me ya kamata ya faru kafin nan. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin injinan yanzu an manne ƙwaƙwalwarsu da dalma, wasu ma ba a yi su domin a buɗe ba.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta aikin kansa. Litattafan ajami da malaman Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, suka gada daga kakanninsu suna nan ana karanta su, amma alƙaluman hatsi da na rijiyoyi da na rigakafi da aka shigar a dBase shekaru talatin da suka wuce, da darussan Hausa da aka sha wahalar yi wa lanƙwasa, yawancinsu suna kwance a kwalaye cikin ma'ajiyar ofisoshi, a kan disket ɗin da zafi da ƙura suke ci, furojen da ya samar da su kuma ya rufe tuntuni. Kamfanin Sony ya daina ƙera disket a 2011, kuma injinan yanzu ba su da ramin sa ta. Duk da haka ba a makara gaba ɗaya ba. Ana samun na'urar karanta disket mai inci 3.5 wadda ake jonawa ta USB, LibreOffice yana buɗe fayilolin WordPerfect da Lotus da dBase, DOSBox kuma yana tayar da tsofaffin shirye-shiryen a kan injin zamani. Masu inci 5.25 ne suka fi wuya, domin sai an samo tsohon inji mai rai da na'urarsa, ko wani ɗan allo na musamman irin Greaseweazle. Wanda zai gwada ya fara buɗe tagar kariya idan mai inci 3.5 ce, ya kwafe disket ɗin gaba ɗayanta a karon farko, tunda tsohuwar disket ba lalle ta yarda a karanta ta sau biyu ba, kuma idan rubutun na Hausa ne, ya nemi tsarin haruffan da aka buga shi da shi a cikin kwalin kafin ya fara mayar da alamomin kuɗi zuwa ƙ da ɗ.